Kifi iri 11 da babu su ko'ina sai a rami ɗaya, wa ke ƙarar da su?

Ɗalibin Kifi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau na zo da wata magana da ta hana ni barci tun jiya. Ina karatu ne kan tafkunan da ke bakin dutse mai aman wuta, wato dutsen ya gama amansa ya mutu tuntuni ya bar ƙaton rami kamar ƙwarya, ruwa ya yi ta taruwa a ciki shekaru aru-aru har ya zama tafki. Sai na ci karo da Barombi Mbo da ke Kamaru, dab da garin Kumba a yankin kudu maso yamma. Faɗinsa bai wuce kilomita 2.5 ba, zurfinsa wajen mita 110, amma cikin ɗan wannan ramin akwai kifi dangin ƙarfasa har iri 11 da babu su a ko'ina a doron ƙasa sai nan, ga wata tarwada tasu ta kansu ita ma nan kaɗai take. Kuma kusan dukkansu ƙungiyar kare halittu ta duniya IUCN ta sa su a jerin waɗanda ke gab da ƙarewa. Toh tambayata, in aka ce a cece su wa za a fara taka wa birki, masunta ko manoma ko mutanen gari masu jan ruwan?

Sarkin Zolaya: Wa'alaikumus salam. Kai ɗalibi kifi ne ya hana ka barci? mu sauro ne hhh

Maman Afnan: Ni dai tambayata ɗaya ce, kifin nan cin sa ake yi ko kallo? domin in abincin mutane ne to wlh kar ka soma kawo maganar hana su, mutum ya gaji abu kaka da kakanni kawai wani ya zo da takarda ya ce daga yau ka daina, to ya ci me?

Ɗalibin Kifi: Maman Afnan cin sa ake yi, mutanen Barombi masunta ne tun asali kuma sunan tafkin ma daga gare su yake. Ban ce a hana su ba tukuna, tambaya na yi

Alhaji Direba: Gani ya kori ji. Ni na je wurin nan da ƙafata. Na yi shekaru ina ɗaukar koko daga Kumba zuwa Duwala, wata rana mota ta lalace muna jiran kayan gyara sai yaron motata ɗan can ya ce Alhaji zo in kai ka ka ga abin mamaki. Muka yi ta hawa muna haki, daji ta ko'ina, kwatsam sai ga ruwa a ƙasanmu zagaye tas kamar an ajiye faranti, shiru ba ko motsi, ni da na saba ganin kogi yana gudu sai na ji tsigar jikina ta tashi. Muka shiga kwale-kwale na gungume ɗaya muka haye can ɗaya gefen inda ƙauyen yake. Wani dattijo ya zazzage abin da ya kamo a gabanmu yana warewa yana kiran suna, wannan kaza wannan kaza, ni kuwa wlh duk ƙarfasa nake gani, ƙanana ma. Guda ɗaya ne na kasa mantawa, rawaya da ɗigo-ɗigon baƙi ga leɓe manya kamar wanda zuma ta harba, na yi ta dariya dattijon ma yana dariya

Ɗalibin Kifi: Allahu akbar Alhaji wannan ai pungu ka gani!! shi ne fa. Kuma ka san abin da ya fi burge ni, sunayen da dattijon nan yake kira su ne masana suka ɗauka suka sa a littafi. Pungu, dikume, myaka, mongo, pindu, duk daga bakin masuntan Barombi suka fito. Wata Baturiyar Ingila masaniyar kifi Ethelwynn Trewavas ita da abokan aikinta suka yi cikakken bayaninsu a 1972, amma kafin nan masunta sun daɗe da sanin wane ne wane. Kuma kowane da sana'arsa, shi pungu wani soso mai rai yake ci da ke manne a jikin duwatsu da itatuwan da suka nutse, shi ya sa ka ga leɓen nan da haƙora masu ƙarfi, soson ma kansa nan kaɗai ake samun irinsa. Myaka yana tsakiyar ruwa yana tace 'yan tsirrai ƙanana da ido ba ya gani. Wasu ƙananan kifi suke farauta, wasu ƙwari. Kowa da tukunyarsa shi ya sa ba sa faɗa

Malama Geography: Ɗalibi ka bar mafi daɗin, faɗa musu na dikume

Ɗalibin Kifi: Malama ina zuwa ai. Irin waɗannan tafkunan bangon ramin yana tare iska, toh ruwan sama-sama da na ƙasa ba sa gauraya sosai. A Barombi oksijin, wato iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa, yana ƙarewa ne wajen mita 40, daga nan zuwa ƙasa ruwa ne matacce kifi ba zai iya zama ba. Akwai wata tsutsa ta wani ƙwaro mai kama da sauro, da rana sai ta gudu can ƙasa inda ba iska don ta san ba mai bin ta. Shi dikume jininsa cike yake da sinadarin nan mai riƙe oksijin fiye da na sauran, sai ya nutsa can bakin iyakar ya ci rabonsa ya dawo sama. Yanzu ku duba, tafki mai mita 110 amma fiye da rabin zurfin ba gida ba ne, rayuwar duka a sama take da ɗan siririn gefen nan mai duwatsu. Gidan ya fi yadda ake gani ƙanƙanta

Malam Na Zaure: Tsarki ya tabbata ga Allah, kowace halitta da abincinta da hanyar da aka hore mata. Amma ɗalibi ta ina suka shiga ramin tun farko tunda ka ce a saman dutse yake?

Ɗalibin Kifi: Allah gafarta Malam akwai ɗan rafi da ke fita daga tafkin ya bi ya haɗu da kogin Mungo, ana ganin ta nan kakanninsu suka hauro. Tafkin ya kai shekara wajen miliyan 1. Binciken ƙwayoyin halitta da aka fitar a 1994 ya nuna su 11 ɗin nan danginsu ɗaya ne, a cikin tafkin suka rarrabu kowa ya kama irin abincinsa, sai kuma wani binciken na 2015 ya ce ba sau ɗaya aka shiga ba an ɗan riƙa samun gauraya da na kogi daga baya. Masanan ma har yanzu suna ja-in-ja a kai

Admin: Jama'a dan Allah kar a karkata zuwa wata muhawarar, na ga wasu sun fara rubutu na goge guda biyu. Maganar ceton tafki ake yi

Injiniya Bash: Nifa ban ga abin wahala a nan ba. Alhaji ya ce kifayen ƙanana ne, mutane kuma suna ƙaruwa, to a kawo irin tarwada mai saurin girma ko giwan ruwa a zuba musu, masunta su samu babban kifi su ƙyale ƙananan nan, kowa ya huta. An jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya

Ɗalibin Kifi: Innalillahi Injiniya

Sarkin Zolaya: ɗalibi ya suma a kawo ruwa 😂

Malama Geography: Injiniya wannan shawarar taka ita ce ainihin abin da ya kashe tafkuna da yawa, kuma duk waɗanda suka yi da kyakkyawar niyya suka yi kamar kai. Giwan ruwa ba ciyawa yake ci ba, kifi yake ci. An zuba shi a tafkin Victoria a shekarun 1950, da ya yi ƙarfi a shekarun 1980 sai ƙananan kifayen tafkin iri wajen 200 suka ɓace ko suka kusa. Victoria fa, tafkin da ƙasa uku ke rabawa, Uganda da Kenya da Tanzaniya, ga lunguna ga fadamu ga wurin ɓuya. To ina ga kwano mai kilomita 2.5 da ba ƙofar gudu? ai kura ce ka sa a garken awaki ka ja ƙyaure

Injiniya Bash: To Malama na janye giwan ruwa, a sa ƙarfasa ta kiwo ita ai ba ta cin kowa

Ɗalibin Kifi: Ita ma ba ta da dama Injiniya, wani lokacin ma ta fi illa don a hankali take yi ba a lura. Ga tafkin Chala a kan iyakar Kenya da Tanzaniya gindin dutsen Kilimanjaro, shi ma ramin aman wuta ne, yana da ƙarfasarsa guda ɗaya tak da babu ita ko'ina, aka shigo da wasu ƙarfasoshin daga waje yanzu suna gogayya da ita kan abinci da wurin zama, ta shiga jerin masu gab da ƙarewa. A Nikaraguwa akwai tafkin Apoyo, an yi kiwon ƙarfasar Afirka a keji wasu suka kuɓuce, suka bi ciyawar ƙarƙashin ruwa suka cinye, alhali a cikinta 'ya'yan kifin asalin wurin ke ɓuya da kiwo. Sannan ga haɗarin barbara, in baƙuwar ta yi kusa da 'yan gida a dangantaka sai jini ya gauraye, ka wayi gari kifi na nan da yawa amma wancan na asalin babu shi. Kuma abin da ya sa nake jin tsoron wannan fiye da komai, daji in an sare ana iya dasawa, raga in ta yi yawa ana iya ragewa, amma kifin da ka zuba a ruwa mai zurfin mita 110 wa zai shiga ya tsince shi? bokiti ɗaya a dare ɗaya ya isa

Malama Geography: Bari in ƙara muku da na Amurka don kar a ce talauci ne ko rashin ilimi. Akwai wanda suke kira Crater Lake a jihar Oregon, zurfinsa mita 594, babu wanda ya kai shi zurfi a ƙasar, ya samu ne bayan dutsen Mazama ya fashe ya rufta shekara wajen 7,700 da suka wuce. Babu kogin da ke shiga babu mai fita, kuma asali babu kifi ko ɗaya a ciki. Wani mai son wurin sosai William Steel, wanda ya yi ta fafutuka har aka mai da shi gandun ƙasa a 1902, shi ne ya fara ɗauko 'ya'yan kifi ya zuba a 1888, aka ci gaba da zubawa har 1941. Da aka ga kifin na buƙatar abinci sai a 1915 aka kawo wani jatan lande mai hannu kamar ƙaguwa aka zuba. Yau shi wannan abincin kifin ya mamaye mafi yawan gaɓar tafkin yana kora yana cinye wata 'yar halitta mai siffar ƙadangare amma dangin kwaɗo ce, wadda irinta nan kaɗai take. Ga kuɗi ga masana ga ma'aikata, sun kasa fitar da shi. Kifin ma yanzu cewa suke kowa ya zo ya kama iya son ransa ba lasisi ba iyaka

Injiniya Bash: Toh garin neman gira za a rasa ido kenan. Na sauka daga wannan layin amma har yanzu ba ku ba Maman Afnan amsa ba

Maman Afnan: Yauwa Injiniya na gode. Duk wannan turancin na ji, amma yaron masunci in ya tashi da yunwa ba dikume zai tambaya ko yana da jini mai yawa ba

Alhaji Direba: Hajiya ki bari in faɗi abin da idona ya gani, ni ban yi boko mai zurfi ba. Mutanen ƙauyen nan ba su da yawa, kuma da tarkon saƙa irin na gargajiya ban ga yadda za su ƙarar da kifin tafki ba, shekara nawa suna yi bai ƙare ba. Abin da na lura ya canza shi ne raga ta roba mai ƙananan ido, wadda ba ta barin uwa ba ta barin ɗa, ga arha ga ba ta ruɓewa ko ta tsinke ta nutse tana can tana ci gaba da kamu ba mai ɗauka. Na biyu kuma gonaki. Ni da nake ɗaukar koko na san yadda ake yi, koko sai da feshi saboda ruɓewar 'ya'ya da ƙwari, kuma na sha ganin mutum ya gama feshi ya sauka rafi ya wanke tankin bayansa a ciki ya zubar, ba mugunta ba ce shi dai ruwa ya gani. To duk abin da aka zubar a cikin bangon ramin nan ina za shi? ƙasa zai gangara, ƙasan kuwa tafki ne

Ɗalibin Kifi: Alhaji ka gama magana wlh. Kuma ƙari a kan wannan, in aka sare itatuwan gangaren ruwan sama na wanko laka ya shimfiɗa a kan duwatsun gefe, soson da pungu ke ci ya binne, wurin da ake neman aure da saka ƙwai ya lalace. Waɗannan kifayen a baki suke renon ƙwansu, ba dubbai suke zubarwa ba kamar tarwada, 'yan kaɗan ne, don haka in ka kama uwa ɗaya mai goyo a baki ka kama gida guda. Akwai ma wani tsoron da masana ke faɗa, itatuwan bakin ramin su ke rage ƙarfin iska, in babu su iska mai ƙarfi na iya motsa tafkin mataccen ruwan ƙasa ya taso sama, kifi ya shaƙe a wuni ɗaya

Baban Sadiq: Dakata, wannan ba shi ne abin da ya faru a Nyos ba? na tuna ana maganar a rediyo muna yara

Malama Geography: Kusa amma ba ɗaya ba Baban Sadiq. Nyos shi ma tafkin ramin aman wuta ne a Kamaru amma yankin arewa maso yamma. Shi matsalarsa iskar kabon ce ke tsattsafowa daga ƙarƙashin ƙasa tana narkewa a ruwan can ƙasa, nauyin ruwan sama ya danne ta kamar lemon kwalba da ba a buɗe ba. Daren 21 ga Agusta 1986 abin ya fashe, iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi sai ta bi kwari tana gangara, mutum 1,746 suka rasu da dabbobi wajen 3,500, da yawa cikin barci, akwai Fulani makiyaya da yawa a ciki. Kafin nan a 1984 tafkin Monoun ya yi irin haka ya kashe mutum 37. Daga 2001 aka kafa bututu a tsakiyar Nyos yana fitar da iskar a hankali, aka ƙara biyu a 2011. Kuma bangon da ya tare ruwan Nyos da can ba shi da ƙwari, an daɗe ana tsoron in ya karye ruwan zai biyo kogin Katsina-Ala ya shigo Najeriya, yana cikin dalilan gina madatsar Kashimbila a Taraba. Amma awon da aka yi a Barombi bai nuna tarin iskar irin na Nyos ba, nasa rashin oksijin ne a ƙasa

Baban Sadiq: Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Na gode Malama

Malam Na Zaure: Amin ya Allah

Maman Afnan: Amin. To yanzu dai kun yarda ba masunci ne babban mai laifi ba ko? don da farko shi aka fara ambata

Ɗalibin Kifi: Ni dai a ganina yana da kasonsa amma ba shi ne kan gaba ba. Kar mu manta da ruwan sha ma, garin Kumba daga tafkin nan ake ja masa ruwa kuma garin ƙaruwa yake. Tafki irin wannan gefensa a tsaye yake kamar rijiya, wurin da ba zurfi ɗan siriri ne, in ruwa ya ja baya ko kaɗan wannan siririn ne ke fara bushewa kuma shi ne ɗakin haihuwar. Sai dai kuma nan ne nake ganin dabara, mutumin gari ba ruwansa da pungu amma yana da ruwa da abin da zai sha. Dajin da zai kare kifin shi ne zai hana laka da maganin feshi shiga famfonsa. In za a yi wa mutane magana ta nan ya kamata a shiga, ba ta sunan Latin ba

Injiniya Bash: Ba a sa wurin a ƙarƙashin doka ba ne?

Ɗalibin Kifi: An sa, tun zamanin Turawa aka ware dajin kewayen a matsayin gandu, kuma a 2006 aka sa tafkin cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare wuraren ruwa masu muhimmanci. Amma takarda ba ta gadi. Ga kuma rikicin yankin masu magana da Ingilishi da ya taso tun 2016, Kumba na tsakiyarsa, wanda ke neman tsira da ransa wa zai tsaya auna idon raga

Alhaji Direba: Wannan gaskiya ne, abokan aikina da yawa sun bar hanyar saboda haka

Maman Afnan: Ni abin da ke ba ni haushi da irin wannan, ana zuwa daga nesa a zana layi a taswira a ce nan gandu ne, mai wurin ba a tambaye shi ba, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kun ce da bakinku sunayen ma a wurinsu aka koya

Malama Geography: Maman Afnan a nan ina bayanki ɗari bisa ɗari. Ki duba tafkin Bosomtwe a Gana kusa da Kumasi, shi ba aman wuta ba ne wani dutse ne ya faɗo daga sama shekara sama da miliyan 1 ya haƙa ramin, amma zamansa kusan iri ɗaya ne, rufaffen kwano, shi ko rafin da ke fita ma ba shi da shi. Asantawa na girmama shi, a al'adarsu ba a shiga da jirgin ƙarfe, masunci kan wani falankin itace yake hawa da suke kira padua yana tuƙi da hannu. Ko me mutum zai ce kan dalilinsu, wannan ya taƙaita yawan abin da mutum ɗaya zai iya kwasowa tsawon ɗaruruwan shekaru, ba ɗan sanda ba tara. Amma kar mu yaudari kanmu, da ƙauyukan kewayen suka cika aka nome gangaren kamu ya ragu duk da falankin. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin wuraren da take karewa a 2016. Al'ada na riƙe mutum ɗaya, ba ta riƙe yawan jama'a

Sarkin Zolaya: Ni a ba ni falankin in gwada, in ban dawo ba ku yafe min bashin data

Admin: Kai dai Allah ya shirye ka

Injiniya Bash: To kiwon kifi fa a waje? ba a cikin tafkin ba, a haƙa kududdufi can nesa da bangon a ba masunta jari, abincinsu ya samu raga ta ragu

Ɗalibin Kifi: Wannan ta fi ta farko nesa ba kusa ba Injiniya, in dai a bayan bangon ne inda ko ambaliya aka yi ba zai gangaro ciki ba, kuma ba a jikin rafin da ke haɗe da tafkin ba. Abin da ba a so shi ne keji a cikin ruwan. Je ka ga tafkin Taal a Filifin, can akwai wani kifin sadin da ake kira tawilis, shi kaɗai ne irinsa da ke rayuwa a ruwan daɗi zalla a duniya, har da macijin teku da ya koma ɗan tafki, don da can wurin a haɗe yake da teku aman wutar ƙarni na 18 musamman na 1754 ya toshe hanyar. Aka cika shi da kejin kiwo, ragowar abinci da kashin kifi na zuba ƙasa suna ruɓewa suna shanye oksijin, lokaci-lokaci sai a tashi a ga kifi fari fat a saman ruwa, ga kamun wuce kima, yanzu tawilis ɗin ma yana jerin masu fuskantar ƙarewa. Tafkin Toba na Indonesiya da girmansa, kilomita 100 a tsayi, shi ma a 2016 kifin keji ya mutu tan-tan a 'yan kwanaki. Rufaffen ruwa ba ya wanke kansa kamar kogi, abin da ka zuba yana nan yana jiranka

Baban Sadiq: Na ga wani wuri an ce Turawa na kiwon irin waɗannan a akwatin gilashi a gidajensu, to ba shi kenan ba ko sun ƙare a can akwai iri a ajiye?

Ɗalibin Kifi: Ana kiwon wasu daga ciki gaskiya, kuma ya fi babu. Amma pungun da aka haifa a gilashi yana cin abincin gwangwani bai taɓa ganin soso ba, dikume kuma ina zai samu mita 40 ya nutsa? in tafkin ya lalace ina za a mayar da su

Maman Afnan: Su kwashe iri su kai ƙasarsu mai wurin kuma a hana shi kamawa, kun ga irin abin da nake faɗa

Malam Na Zaure: Hajiya a yi musu adalci, wanda ya ajiye iri bai yi laifi ba. Ni abin da na fahimta daga zancen nan amana ce a wuyan kowa, mai raga da mai gona da mai famfo, kuma ɓarna ba ta halatta ko a kan dabba. Sai dai wanda aka ce ya bari a ba shi abin da zai kama

Injiniya Bash: Toh in ni ne mai yanke hukunci, na ɗaya dokar farko kar wanda ya kuskura ya shigo da baƙon kifi, eh na sani ni na kawo shawarar ɗazu ba sai an tuna min ba. Sai a bar wani zagaye na itatuwa a bakin ruwa ba noma ba feshi, a biya masu gonakin wurin, a musanya wa masunta raga da mai manyan ido kyauta, kuma su za a ba gadin ba wani daga birni ba

Maman Afnan: A biya su da kuɗin wa?

Injiniya Bash: Masu shan ruwan mana, a ɗora ɗan wani abu a kan kuɗin ruwa

Maman Afnan: hmm Injiniya kai ma ka san inda irin wannan kuɗin ke maƙalewa kafin ya iso ƙauye

Malama Geography: Ɗalibi akwai tafkin Bermin ma fa ba ka ambata ba, shi ma a yankin yake, bai kai ko kilomita 1 ba a faɗi amma ƙarfasa iri 9 ne nasa na kansa. Shi nisansa da wahalar hanya ne ke kare shi har yanzu, ranar da titi ya isa sai a fara lissafi

Ɗalibin Kifi: Na bar shi ne Malama kar a ce na cika group da kifi, gobe in Allah ya kai mu. Alhaji dan Allah yaron motar nan naka kuna waya har yanzu? ina son a tambayar min masuntan ko har yau suna samun mongo a raga, shi ne aka fi jin tsoron ya tafi don ko a da ba kasafai ake kama shi ba

Alhaji Direba: Rabona da shi tun kafin azumin bara, lambar tana shiga wani lokaci wani lokaci ba ta shiga. Rubuto min sunayen duka yadda zan iya karantawa, an kira magariba yanzu in na dawo masallaci zan gwada